Bindigar da Ke Gadi Ba Mai Riƙe da Ita: Shin Ta Cancanci Shafi a Kundin Ilimi?

Duk wanda ya taɓa buga wasan bidiyon Team Fortress 2 ya san yadda abin yake. Kana tafe a guje, ka sha kwana, sai ka ji wata 'yar ƙara, kafin ka ankara an yi maka ruwan harsasai ka zube. Ka duba ka ga wa ya kashe ka, babu kowa a wurin. Injiniyan da ya kafa bindigar yana can bayan bango yana ƙwanƙwasa wata na'ura da sifana, bai ma san da zuwanka ba. Bindigar ce ta gan ka, ta juyo da baki, ta harba.

Irin wannan bindiga mai gadin wuri da kanta ta yi yawa a wasannin bidiyo da finafinan kimiyya, har masu wasa sun daina mamakinta. Tana cikin Half-Life na 1998, tana cikin Deus Ex na 2000, da BioShock da Portal waɗanda duka suka fito a 2007, da Call of Duty, da Overwatch. Yawan nan shi ya sa wasu ke ganin ya kamata a ware mata maƙala ta kanta a kundin ilimi irin Wikipedia, wasu kuma suna ganin wannan tarkace ne kawai da bai kamata a ɓata shafi a kansa ba. Ni ina ganin kowane ɓangare ya kama gaskiya ta ƙafa ɗaya, kuma an fi gane inda gizo ke saƙar idan aka fara da bindigar gaske.

Tunanin ɗana bindiga ta harbi mutum ba mai riƙe da ita ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Masu gonaki da gandun farauta a Ingila sun daɗe suna ɗaura waya a kunamar bindiga su shimfiɗa ta a kan hanya don maganin ɓarayin namun daji, kuma da aka ga tana cin wanda ya ji da wanda bai ji ba, majalisar ƙasar ta haramta ɗana ta a gonaki da dazuka a 1827. A Amurka, kotun ƙolin jihar Iowa ta yanke wata shari'a a 1971 wadda har yau ake koya wa ɗaliban lauya: wani mutum ya ɗana bindiga a wani tsohon gidan gona da ba kowa a ciki, wani ya fasa gidan yana neman tsofaffin kwalabe, bindigar ta ragargaza masa ƙafa. Kotu ta tabbatar da diyyar dala 30,000 ga wanda ya fasa gidan, bisa hujjar cewa doka ta fifita ran mutum a kan dukiya. Jamus ta Gabas ta kai abin matakin gwamnati. Daga farkon shekarun 1970 ta jera na'urori kusan 60,000 da ake kira SM-70 a shingen iyakarta da Jamus ta Yamma, waɗanda ke feso ɓarɓashin ƙarfe da zarar mai gudun hijira ya taɓa waya. Sai tsakanin 1983 da 1984 aka cire su.

Waɗannan duka tarko ne, ba sa gani. Masu gani sun zo daga baya. Tun 1980 jiragen ruwan yaƙin Amurka ke ɗauke da Phalanx, bindiga mai radarta, wadda ke iya gano makami mai linzami da ya doso jirgi ta bi shi ta harba da kanta, har harsashi 4,500 a minti ɗaya, saboda saurin makamin ya wuce saurin hannun mutum. A 2006 kamfanin Samsung Techwin na Koriya ta Kudu ya fito da SGR-A1, bindigar gadi mai kyamara da na'urar hango zafin jiki, wadda aka ƙera saboda yankin nan mai faɗin kilomita 4 da tsawon kusan kilomita 250 da ya raba Koriyoyin biyu. Kamfanin ya ce mutum ne ke ba da umarnin harbi. Isra'ila ma ta kafa hasumiyoyi masu bindigogi a iyakar Zirin Gaza, waɗanda aka tsara sojoji su riƙa sarrafawa daga nesa suna kallon allo. Tun 2014 ake tattauna makamai masu sarrafa kansu a Geneva, a Disamban 2023 kuma Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙuduri a kansu da ƙuri'u 152.

Abin da ke da hukuncin kotu, da gawawwaki a kan iyaka, da ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya, babu mai hankalin da zai ce bai cancanci shafi ba. Rigimar tana somawa ne daga ƙasan shafin.

Wanda ya saba karanta Wikipedia ya san sashen nan da ake maƙalawa a gindin maƙala, inda ake lissafa wuraren da abu ya fito a finafinai da wasanni. Yakan fara da layi ɗaya mai ma'ana. Sai wani ya zo ya ga ba a ambaci wasan da yake so ba, ya ƙara. Wani ma ya ƙara nasa. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kowace bindiga da aka ambata tana nan a wasan da aka ce. Amma bayan shekara biyu sai ka tarar da layi arba'in iri ɗaya: a wasa kaza akwai bindigar gadi, a wasa kaza ma akwai, ta wasa kaza tana harba roka. Ɗalibin da ya ji ana muhawara kan makamai masu kisa da kansu ya zo neman bayani, sai ya iske sakin layi biyu a kan SGR-A1, da jerin wasanni da ya ninka su sau biyar. Daga nan ne wani edita zai ce a yanke jerin a yi masa shafinsa don a huta. Sau da yawa asalin irin waɗannan maƙaloli ke nan: shara ce aka share daga ɗaki aka tara a zaure, ba wai an ga darajarta ba.

Ƙa'idar Wikipedia a kan cancanta gajeriya ce. Abu yana samun maƙalarsa idan madogarai amintattu, waɗanda ba su da alaƙa da mai abin, sun yi magana mai zurfi a kansa. Kowace kalma a nan tana da aiki. Ambato a wucewa ba magana mai zurfi ba ce, don haka jaridar da ta yi bitar wasa ta ce "akwai bindigogin gadi a mataki na uku" ba ta ƙara komai ba. Wasan kansa ba madogara mai zaman kanta ba ce, haka ma littafin da kamfani ya buga don koya wa mutane yadda za su ci wasan. Akwai kuma wata ƙa'ida da ta ce kundin ba jagorar wasa ba ne. Cewa bindigar Team Fortress 2 tana cin ƙarfe 130 daga cikin 200 da injiniya ke iya ɗauka, kuma tana da mataki uku, na ukun yana harba roka, gaskiya ce tsantsa, tana da amfani ga mai wasa, amma ba irin ilimin da kundin ya ɗauki alkawarin adanawa ba ne.

Masu son a bar komai suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Suna cewa Wikipedia ba takarda ba ce. Britannica, tsohon kundin ilimi na Turanci, wadda ta sanar da daina buga littattafanta a 2012, tana da mujalladi 32 ne kawai, dole ta zaɓa, domin duk shafin da ta bai wa wani abu ta hana wani. A intanet kuwa shafi ɗaya bai tare wa ɗan'uwansa wuri ba. Wanda ba ya so kada ya buɗe. Suna kuma zargin cewa raini ne ke ɓoye a bayan ƙa'idar: ana kallon wasan bidiyo a matsayin shirmen yara, alhali mutane miliyoyi sun fi sanin bindigar Portal fiye da kowace bindigar gaske.

Zancen raini yana da ƙamshin gaskiya a shekarun baya, amma ba ya warware wannan matsalar. Kundin cike yake da abubuwan ƙage da ba wanda ke jayayya a kansu. Kalmar da Turawa ke kiran mutum-mutumi mai aiki da ita, wato robot, daga wasan kwaikwayon marubucin Czech Karel Čapek na 1920 ta fito, kuma an yi rubuce-rubuce masu yawa a kan yadda tunanin ya bi cikin adabi ya shiga masana'antu. Kasancewar abu ƙage bai taɓa hana shi shafi ba. Labarin Pokémon ya fi nuna inda layin yake. An yi zamanin da kowace halitta a wasan ke da maƙalarta, har editoci suka riƙa kafa hujja da su: idan Pokémon kaza yana da shafi, me zai hana abina? A 2007, lokacin da adadinsu ya kai 493, aka haɗe yawancinsu cikin jeri, aka bar irin su Pikachu waɗanda duniya ta yi magana a kansu a wajen wasan. Ba a kore su don na yara ba ne. An duba an ga cewa idan aka cire abin da wasan kansa ya faɗa, ba a bar komai a shafin ba.

Zancen takarda kuma, gaskiya ne wuri ba ya ƙarewa, amma mutane suna ƙarewa. Kowane shafi yana buƙatar mai dubawa, mai cire ƙarya, mai gyara abin da ya tsufa. Wasannin yau ana sauya su bayan an saye su. Bindigar da ke da ƙarfi kaza a bara an rage mata a bana, kuma layin da aka rubuta a kanta ya zama kuskure ba tare da kowa ya sani ba. Masu aikin sa kai ne za su bi wannan duka. A kundin harsunan da editocinsu ba su da yawa, inda ake yawan fassaro maƙaloli daga manyan harsuna, nauyin ya fi yawa, don jerin yakan zo gaba ɗayansa, babu kuma mai komawa kansa.

Akwai wata matsala da ta fi waɗannan wuya, wadda ba a cika lura da ita ba: wa ya ce duk waɗannan abu ɗaya ne? Bindigar Portal farar na'ura ce mai ƙafa uku da ido ja, tana magana da siririyar murya kamar ta yaro, idan ka ture ta sai ta yi ta harbin iska ta mutu. Ta Call of Duty: Modern Warfare 2 na 2009 tukuici ce da ake samu bayan an kashe abokan gaba a jere. To hasumiyoyin da ke harbi a Dota da League of Legends fa? Tsire-tsiren Plants vs. Zombies, waɗanda ake dasawa su yi ta harbin duk abin da ya doso su fa? Ta fuskar aiki babu bambanci tsakaninsu da bindigar injiniya. Idan aka shigar da su, maƙalar ta haɗiye rukunin wasannin kare hasumiya baki ɗaya. Idan aka bar su a waje, bisa wane dalili? Editan da ya zauna ya yanke cewa wannan na ciki wancan na waje, ya ƙirƙiro rukuni da kansa ke nan, kuma kundin ya hana editocinsa binciken kansu. Dole iyakar ta fito daga wanda ya riga ya yi nazarin abin ya wallafa.

Duk da haka ba na tare da masu cewa babu abin faɗa. Akwai, kuma yana da daɗi.

A wasa, bindigar gadi hanya ce ta mallakar wuri. Ɗan wasa mutum ɗaya ne, ba ya iya tsayuwa a ƙofa biyu, sai aka ba shi abin da zai tsaya a madadinsa. Tana kuma buɗe ƙofa ga wanda hannunsa bai iya saiti ba amma kansa ya iya lissafi, domin gwanintar injiniya tana cikin zaɓen inda zai kafa ta. Sai dai mai tsara wasa yana cikin tsaka mai wuya. Kwamfuta ba ta kuskuren saiti, in an bar ta yadda take ba wanda zai wuce, wasan ya mutu. Don haka da gangan ake naƙasa ta: a taƙaita nisan da take gani, a sa ta yi ƙara kafin ta harba, a rage saurin juyawarta, a bar mata makanta ta baya. A Team Fortress 2 ɗan leƙen asiri yana iya shigar burtu da kayan abokan gaba ya wuce ta gabanta ba ta ce masa uffan ba, ya maƙala mata abin da zai kashe ta. A Deus Ex da BioShock kana iya yi mata kutse ka juya ta kan masu ita. Wato bindigar wasa an gina ta ne don a ci galabarta, saɓanin ta gaske wadda aka gina don kada a ci.

A fim kuma aikinta daban. Fitaccen misali shi ne Aliens na James Cameron, na 1986, inda sojojin da dodanni suka yi wa ƙawanya suka kafa bindigogi huɗu a hanyoyin shigowa, suka koma ɗaki suna kallon allo. Mai kallo kusan ba ya ganin dodannin. Abin da yake gani lambobin harsasai ne suna raguwa, suna raguwa, ya san idan suka kai sifili an gama. Tsoron duka a cikin lambar yake. Abin lura, an yanke wannan fage daga fim ɗin da aka nuna a sinima, sai a dogon bugun da ya fito daga baya aka dawo da shi, amma duk da haka shi ne hoton da mutane da yawa ke tunawa idan an ambaci bindigar gadi.

Ga kuma abin da ya fi damuna. A wasa, bindigar ta san nata ta san bare, ba ta taɓa ruɗewa sai an yaudare ta da gangan, domin kowane ɗan wasa yana ɗauke da alama a cikin lissafin kwamfutar: wannan ja ne, wancan shuɗi. A duniyar gaske wannan ita ce matsalar da ta gagara. Ta yaya na'ura za ta bambanta soja da makiyayi, ko mai kai hari da wanda ya ɗaga hannu yana miƙa wuya? Ko tsakanin ƙarfe da ƙarfe ma tana ruɗewa. A yaƙin Tekun Fasha na 1991, Phalanx ɗin jirgin Amurka mai suna Jarrett ya buɗe wuta kan ɓarɓashin yaudarar rada da jirgin Missouri ya watsa, wasu harsasan suka sami Missouri ɗin, wanda nasu ne. Wannan wahalar bambancewa tana cikin dalilan da suka sa ƙungiyar Red Cross ta duniya ta nemi a 2021 a haramta makaman da ke zaɓar mutane su harba da kansu. Wanda ya shekara ashirin yana ganin bindigar da ba ta taɓa harbin nata ba, zai iya shiga wannan muhawara da tunanin cewa an riga an warware abin da ba a warware ba. Tasirin ma yana bin hanya biyu: sojojin ruwan Amurka suna kiran Phalanx da sunan R2-D2, ɗan mutum-mutumin nan na Star Wars, saboda kamar da farar hularsa ta yi da shi.

To ai ga maƙala nan, in ji mai karatu. Me ya rage?

Abin da ya rage shi ne, sakin layi ukun nan da na rubuta a sama, haɗin nawa ne. Ni na ɗauko Team Fortress 2 na ajiye kusa da Aliens, na jingina su da Missouri, na fitar da ma'ana. A sharhi irin wannan ina da damar yin haka, sunana ne a kai, wanda bai yarda ba ya mayar mini da martani. Kundin ilimi ba shi da wannan damar, don yana magana ne da muryar da ba ta kowa ba, kuma mai karatu yana ɗaukar abin da ya gani a ciki a matsayin abin da aka riga aka tabbatar. Kamfanin Valve ya saka bayanan masu tsara Team Fortress 2 a cikin wasan, inda suke faɗin dalilan da suka sa suka gina abubuwa yadda suka gina su. Ana iya dogara da wannan wajen faɗin niyyarsu, amma mai abu ne ke magana a kan abinsa, ba ya tabbatar da cancanta. Ana buƙatar wani daga waje, masanin tsara wasanni ko mai nazarin fim ko mai binciken makamai, wanda ya ɗauki bindigar gadi ta ƙage a matsayin batu, ya bi ta daga aiki zuwa aiki. Inda aka sami irin waɗannan rubuce-rubuce guda biyu ko uku masu nauyi, maƙala ta tsaya da ƙafarta, ko da wasa biyar kawai ta ambata. Inda ba a samu ba, ko wasa ɗari biyar aka jera ba ta tsaya ba.

Saboda haka hukuncina shi ne a ba ta sashe a cikin maƙalar bindigar gaske, a rubuce da jimloli masu haɗuwa da juna, ba jeri ba. A rubuta shi daga waje, wato a ce "a fim ɗin 1986 an nuna", kada a ba da labarin kamar sojojin sun taɓa rayuwa. Misalin da zai shiga sai wanda wata madogara ta nuna muhimmancinsa. Bindigar da ta yi suna a wasa guda, kamar ta Portal, wurinta maƙalar wasan, a saka mahaɗi daga nan zuwa can. Idan sashen ya girma da madogarai har ya rinjayi uwar maƙalar, lokacin ne za a yaye shi, kuma babu wanda zai yi gardama a ranar.

Jerin kuma ba sai an ƙone shi ba, yana da gidajensa. Shafin intanet na TV Tropes, wanda aka kafa a 2004, aikinsa ke nan, tattara duk inda wata dabara ta fito a labari ko wasa, ba ya neman madogara. Fandom, wanda Jimmy Wales na Wikipedia da Angela Beesley suka kafa a shekarar, yana ba masoya kowane wasa damar rubuta komai dalla-dalla, har adadin harsashi da daƙiƙun da bindiga ke ɗauka kafin ta juya. Mai neman yadda zai wuce bindigar mataki na uku can ya kamata ya nufa, kuma zai sami amsa mafi inganci fiye da wadda kundin ilimi zai iya ba shi, don waɗanda ke rubutawa a can sun buga wasan jiya da dare.